Kwana goma a Italiya da jirgin ƙasa: gari nawa za mu iya, ga Hajiya ga yara?

Abban Yara, Kano:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure mai albarka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san ƙasar Italiya. Da yardar Allah muna shirin zuwa hutu mu biyar: ni da maiɗakina, da yaranmu biyu, babban shekararsa 11, ƙaramar 6, sai kuma mahaifiyata. Kwana goma muke da shi a ƙasar. Ga yadda na zana tafiyar: Rum kwana biyu, Napoli ɗaya, Fulorans ɗaya, Pisa ɗaya, Cinque Terre ɗaya, Benis biyu, Milan ɗaya, sannan mu dawo Rum mu kwana mu hau jirgin gida. Ba na son tuƙi a ƙasar da ban san ƙa'idar titinta ba, don haka jirgin ƙasa nake so mu bi daga farko har ƙarshe. Shin wannan tsarin zai yiwu? Tikitin nan na gaba ɗaya da ake kira Eurail ya fi, ko in riƙa sayen ɗai-ɗai? Ya maganar abinci da salla? Hajiya tana fama da gwiwa. Tana takawa da ƙafarta, amma hawa bene yana ba ta wuya. Allah Ya saka da alheri.

Anti ta Padova:
Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya yi maka albarka da ka sa mahaifiya a lissafi. Amma wannan tsarin kam ka sake shi. Ƙirga da kanka: masauki takwas cikin kwana goma. Otal a nan yana so ka fita da ƙarfe 10 ko 11 na safe, na gaba kuma ba zai ba ka ɗaki ba sai 2 ko 3 na rana. Tsakanin nan kana tasha da akwatuna, ga yarinya 'yar shekara shida tana jin yunwa, ga Hajiya tana neman inda za ta zauna ta yi alwala. Jirgin yana da sauri, gaskiya ne, amma ba jirgin ne ke cinye yini ba. Haɗa kaya ne, da neman tasi, da jan akwati a kan titin duwatsu, da neman ƙofar masauki a lungun da ba ka sani ba. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi, na san yadda gwiwa take yi wa mutum a rana ta uku idan an takura mata. Ka zaɓi gari uku ku zauna a cikinsu, sauran ku riƙa zuwa da safe ku dawo da yamma ba tare da kaya ba.

Ɗalibin Bologna:
Anti ki yi haƙuri, ni ban ga ya yi yawa haka ba. Rum zuwa Napoli awa ɗaya da minti goma ne a jirgi mai sauri. Rum zuwa Fulorans kusan awa ɗaya da rabi. Fulorans zuwa Benis awa biyu da 'yan mintuna. Benis zuwa Milan kusan biyu da rabi. Milan zuwa Rum awa uku. Jiragen suna gudun kilomita 300 a awa. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, samun bizar nan ba ƙaramin aiki ba ne. Mutum ya sha wahalar takardu, ya biya kuɗin jirgin sama na mutum biyar, sai a ce masa ya ga gari uku kawai? Yaya, ni dai na ce ka ga duk abin da za ka iya gani.

Anti ta Padova:
Ɗana, kai jakar goyo ce kawai a bayanka, kuma ƙafarka ƙafar saurayi ce. Lissafinka daidai ne ga irinka. Shi kuwa mutum biyar zai motsa, kuma tafiyar da saurin Hajiya za a yi ta, ba da saurin jirgi ba.

Ɗan Zango a Brescia:
Salamu alaikum. Alhaji, kafin a shiga gardamar gari nawa, akwai kwana guda da kake zubarwa a banza. Me zai dawo da kai Rum? Ka sayi tikitin jirgin sama wanda za ka sauka a Rum ka tashi daga Milan. Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk suna zuwa garuruwan biyu, kuma a shafinsu akwai wurin zaɓen garuruwa daban na zuwa da na dawowa. Ko ya ɗan fi tsada, ka tsira da kuɗin jirgin ƙasa na mutum biyar da kuɗin otal na dare guda. Ƙasar doguwa ce, babban layin dogon ya miƙe ne daga kudu zuwa arewa: Napoli, Rum, Fulorans, Bologna, daga nan reshe ɗaya ya yi Milan, ɗaya ya yi Benis. Ka bi shi sau ɗaya, kada ka yi ja da baya.

Abu na biyu, idan za ka nemi tikiti ka rubuta sunan tasha yadda yake a allonsu, kuma ka lura don kowane babban gari tasharsa ta fi ɗaya. Wadda kake so a Rum ita ce Roma Termini. A Fulorans, Firenze Santa Maria Novella, suna taƙaita ta S.M.N., daga ita zuwa babban cocin garin tafiyar minti goma ce. A Benis, Venezia Santa Lucia. A Napoli, Napoli Centrale, kada ka sauka a Afragola don tana bayan gari. A Milan, Milano Centrale.

Abban Yara, Kano:
Madalla, wannan ta tashi daga Milan ta shige ni. To maganar Eurail fa?

Ɗan Zango a Brescia:
Ga tafiya irin taka ba riba. Ko kana da shi, duk jirgi mai sauri da za ka hau sai ka biya kuɗin kujera daban, kusan Yuro 13 kowane mutum. Kuma kamfanonin biyu ne: Trenitalia na gwamnati, mai jan jirgin nan Frecciarossa, da Italo mai zaman kansa wanda ya fara aiki a 2012. Italo ba ya karɓar Eurail. Gasar da ke tsakaninsu ita ke sauke farashi, don haka ka duba duka biyun kafin ka saya. Farashin yana hawa ne yayin da ranar ke matsowa. Wanda ya saya da wata ɗaya ko biyu a gaba yakan biya rabin abin da mai saye a ranar zai biya, wani lokaci ƙasa da haka ma.

Sai dai mai arhar yana da sharaɗi. A Trenitalia akwai Base, da Economy, da Super Economy. Na ƙarshen ba a canza shi, ba a mayar da kuɗi. Jirgi ya tafi ya bar ka, shi ke nan. Ka duba rangwamen iyali ma, kamfanonin biyu suna yi, kuma yaranka duka suna cikin shekarun da ake ragewa.

Hajiyar Yamai:
Ɗana, ka ji wannan da kyau: kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito tana hannunka. Kuɗin bizar Shengen yanzu Yuro 90 ne ga babba, ga inshorar lafiya wadda dole ta kai Yuro 30,000, ga shaidar masauki. Ka kama otal irin wanda ake sokewa kyauta. Ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya, to ka shigar da wuri, musamman in lokacin hutun makaranta kake nufi. Fasfo kuma ya zama yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar fitowarku.

Ni harkar takalma da jakunkuna ke kai ni Napoli, kuma ba na son a cire ta daga tsarin nan. Can ne asalin fiza, ga teku, ga dutsen Vesuvio yana kallonka, abinci kuma ya fi arha a kan na arewa.

Anti ta Padova:
Hajiyar Yamai, Napoli ba cire ta za a yi ba, kwana ne ba za a yi ba. Daga Rum su je da safe su dawo da dare.

Ɗalibin Bologna:
To in haka ne kada a bar Pompei. Garin da aman dutse ya binne a shekara ta 79, har yau ga titunansa, ga gidajen burodi, ga zane a bango. Yaron nan mai shekara 11 ba zai manta ba. A ƙarƙashin Napoli Centrale akwai tashar Garibaldi, nan ake hawan ƙaramin jirgin Circumvesuviana mai zuwa Sorrento, a sauka a Pompei Scavi, kusan minti 35 zuwa 40. Ƙofar shiga tana daf da tashar. Tikitinsa daban ne, ba ya cikin na jirgi mai sauri.

Anti ta Padova:
Pompei ta Abban Yara ce da babban yaron. Wancan ƙaramin jirgin yakan cika, sau da yawa a tsaye ake tafiya, kuma cikin kangon garin duwatsu ne manya marasa daidai, inuwa kaɗan. Ranar Hajiya ta huta a Rum tare da surukarta da ƙaramar, su zaga kusa da masauki. Ba dole ba ne kullum a fita gaba ɗaya.

Malamin Tarihi, Zariya:
Assalamu alaikum. Alhaji, ina da abin da nake so ka nuna wa yaranka a Rum, domin ya shafe mu. Kusa da Batikan, a bakin kogin Tiber, akwai wata tsohuwar ganuwa mai zagaye, Castel Sant'Angelo. A cikinta aka tsare Hasan al-Wazzan, malamin nan da ya tashi a Fas, wanda 'yan fashin teku suka kama a 1518 suka miƙa wa Fafaroma Leo na 10. Turawa suna kiransa Leo Africanus. A Italiya ya rubuta bayanin Afirka, ya kammala a 1526, aka buga a Benis a 1550. A ciki ya kawo Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas. Ta wannan rubutun ne masu karatu a Turai da yawa suka fara jin sunayen garuruwanmu. Ka tsaya da yaro a wurin ka ce masa, mutumin da aka tsare a nan ya rubuta labarin ganuwar Kano shekara ɗari biyar da suka wuce. Zai kalli ginin da wani ido daban.

In da lokaci kuma, ni da Sisili zan tura ka. Musulmi sun karɓi Palermo a 831, suka mulki tsibirin sama da shekara ɗari biyu. Ko bayan Normawa sun ƙwace, a fadar Sarki Roger na 2 ne al-Idrisi ya kammala taswirarsa ta duniya a 1154, har da Kanem da Gao a ciki. Rufin ɗakin ibadar fadar, Cappella Palatina, aikin sassaƙa ne irin na ƙasashen Musulmi. Kuma hanyar ma abin kallo ce: a Villa San Giovanni ake shigar da taragon jirgin ƙasa cikin jirgin ruwa a tsallaka zuwa Messina.

Ɗan Zango a Brescia:
Malam, Allah Ya ƙara ilimi, ban taɓa sanin wannan labarin na ganuwar ba, kuma zan kai nawa yaran. Amma Sisili ba ta shiga kwana goma. Rum zuwa Palermo awa goma sha ɗaya ne ko fiye. Akwai na dare mai gadaje, amma zuwa da dawowa sun cinye kwana biyu. Taura biyu ba ta taunuwa. Sisili tafiya ce mai zaman kanta.

Malamin Tarihi, Zariya:
Na yarda. A bar ta sai wani jiƙon. Ganuwar dai kada a bari, ko daga kan gadar da ke gabanta Hajiya ta kalla, tunda cikinta hawa ne.

Abban Yara, Kano:
In sha Allah ba za mu bari ba Malam. Saura abinci, shi ne abin da maiɗakina ta fi damuwa da shi.

Hajiyar Yamai:
Ta kwantar da hankalinta, ba za ku kwana da yunwa ba, amma sai da lura, don alade yana shiga inda ba ka zato. Ku haddace waɗannan: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, salame, mortadella, lardo, strutto. Na ƙarshen kitsen alade ne, ana sa shi a wasu burodi da kayan fulawa, har da piadina ta yankin Romagna. Taliyar carbonara da amatriciana, waɗanda Rum ke alfahari da su, da naman kumatun alade ake yi. Miyar ragù ta Bologna galibi akwai alade da giya. A kayan zaƙi, babà na Napoli a giya ake jiƙa shi, tiramisù ma wasu suna zuba masa. Ku tambaya, ba sa jin haushi.

Abin da ni nake ci hankali kwance: fiza margherita ko marinara, taliya da tumatir, kifi gasasshe, kayan lambu. In kuna son nama, unguwar Esquilino da ke bayan Termini cike take da mahauta da gidajen abinci na halal, na 'yan Bangaladash da Masar da Pakistan, ga kasuwar da ke kusa da Piazza Vittorio inda za ki samu har doya da kuɓewa da attarugu. Shi ya sa nake ganin ku kama gida mai kicin a Rum maimakon ɗakin otal biyu. Tsohuwa ba za ta jure taliya kwana goma ba. Ku zo da garin kunu da yaji, amma kada ku sa kilishi ko madara a kaya, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan nono.

Anti ta Padova:
Ƙari a kan na Hajiyar Yamai: in kun zauna a gidan abinci za ku ga an ƙara wani kuɗi a takarda, coperto, na zama ne, kowane kai. Ba cuta ba ce, al'adarsu ce. Ruwa kuwa a Rum kyauta ne, famfunan ƙarfe na bakin titi da suke kira nasoni ruwan sha ne mai sanyi, ku riƙe gora. Wani abin da zai yi wa Hajiya daɗi: kusan kowane banɗaki na gida da otal a nan yana da wurin tsarki da ruwa, tun 1975 doka ta sa shi a ginin gidaje. A tasha da cikin jirgi ne babu, nan sai da 'yar buta ko gora. Banɗakin tasha ana biya, ku riƙe tsabar Yuro ɗaya.

Ɗalibin Bologna:
Maganar salla, Yaya, ka daidaita Juma'a ta same ku a Rum. Babban Masallacin Rum yana cikin mafi girma a Turai, an buɗe shi a 1995, Sarki Faisal na Saudiyya ne ya tsaya a kan kuɗinsa tun farko. Ginshiƙansa kamar itatuwan dabino aka yi su. Yana arewacin gari, gindin tudun Parioli. Ku hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layin A zuwa Flaminio, ku fito ku shiga ƙaramin jirgin Roma Nord, ku sauka a Campi Sportivi. Da Hajiya dai tasi ya fi. Bayan salla ana sayar da abinci a bakin ƙofa.

Malamin Tarihi, Zariya:
Kuma ka tuna da hukuncin matafiyi. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari yana cika salla, ƙasa da haka yana kasaru. Ka zauna da malaminku da jadawalin a hannu kafin ku tashi. In bazara ce, magariba takan kai kusan ƙarfe 9 na dare a watan Yuni.

Anti ta Padova:
Wannan ya kawo mu ga wata. Yaushe ne tafiyar?

Abban Yara, Kano:
Agusta na so, saboda hutun yara.

Anti ta Padova:
In da hali ka kauce mata. Kada ka ce kai Bakano ne ka saba da zafi. A gida ba ka yini a tsaye a layi cikin rana, a nan kuwa haka za ka yi, kuma Rum da Fulorans suna haura digiri 35. Ranar 15 ga Agusta babban hutunsu ne, Ferragosto, masu ƙananan shaguna da yawa suna rufewa su tafi bakin teku. Gyaran layin dogo ma a watan aka fi yinsa, sai tafiya ta ƙara tsawo. Hutun Afrilu ko farkon Satumba ya fi muku. In Afrilu ce ka duba ranar Ista, makon nan Rum ba masaka tsinke.

Ɗalibin Bologna:
Anti na sallama a kan Pisa, a je daga Fulorans a dawo, awa ɗaya ce a jirgin Regionale. Amma Cinque Terre fa? Ƙauyuka biyar a jikin dutse a bakin teku, babu irinsu.

Ɗan Zango a Brescia:
Kyau kam akwai, amma ƙauyukan matattakala ne zalla. Corniglia kaɗai daga tasha zuwa gari taka sama da 370 ne in ba a samu bas ba. Daga Fulorans sai an yi awa biyu da rabi ana canjin jirgi kafin a kai. Ba wurin mai ciwon gwiwa ba ne. A cire.

Tunda an ambaci Regionale, Alhaji ka riƙe wannan. Jirgi mai sauri tikitinsa yana ɗauke da lambar jirgi da tarago da kujera, hawa kawai za ka yi. Regionale babu kujerar kowa, farashinsa ba ya canzawa, ba sai ka saya da wuri ba. Amma in tikitin takarda ka saya a tasha, dole ka cusa shi a 'yar na'urar da ke bakin dandamali ta buga masa lokaci kafin ka hau. Ba ka buga ba, tara ce, kuma "ban sani ba" ba ta ceto. Wanda ka saya a manhajar waya ba ya buƙatar na'ura, lokacin jirgin yana jikinsa.

A allo ka nemi Partenze, wato masu tashi. Ka bi lambar jirgi, kada ka bi sunan gari, don allon ƙarshen zangon jirgin yake nunawa. Jirginka na Fulorans za ka ga an rubuta masa Milano ko Venezia ko Torino. Lambar dandamali, binario, ba ta fitowa sai saura minti goma ko sha biyar. Duk wanda ya zo zai taya ka sayen tikiti a na'ura ko ɗaukar kaya ba da rigar aiki ba, ka ce masa a'a. Fasfo da kuɗi a jikin gaba, musamman a Termini da jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Anti ta Padova:
Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Manyan tashoshin nan suna da ofishi mai suna Sala Blu, na taimakon naƙasassu da tsofaffi da masu wahalar tafiya. Kyauta ne. Ka ba su lambar jirginku tun ana gobe, za su tarbi Hajiya da keken guragu su kai ta har ƙofar tarago, a tashar sauka ma wani yana jiranta. Jiragen dogaye ne, tarago na goma yana da nisa. Kada ta ji kunya, haƙƙinta ne. Kaya kuma kowa ƙaramin akwati ɗaya, don ku za ku ɗaga su da hannunku ku hau da su.

Hajiyar Yamai:
A Benis ku kwana a Mestre, kafin a haye gada. Otal ya fi arha nesa ba kusa ba, akwai lif, akwai abincin halal, jirgi minti goma zuwa sha biyu ya kai ku Santa Lucia.

Ɗalibin Bologna:
Hajiya a nan kam ban bi ki ba. Daɗin Benis da asuba ne da bayan magariba, lokacin da masu yini ɗaya suka watse. Wanda ya kwana a Mestre cunkoson kawai zai gani.

Anti ta Padova:
Ku biyun kuna da gaskiya, gwiwa ce za ta raba gardama. Garin gadoji sama da 400 ne, kusan kowace da matattakala, babu mota babu tasi sai na ruwa. In za a kwana a ciki, a nemi masauki a unguwar Cannaregio daf da tasha, a tambaye su a rubuce: gada nawa ce tsakaninku da Santa Lucia, kuma akwai lif? In amsar ba ta yi ba, Mestre. Yawon kuma a jirgin ruwan haya za a yi shi, vaporetto. Layi na 1 yana bin babban mashigin ruwan tun daga tasha har San Marco, babban dandalin garin, Hajiya tana zaune tana kallon fadoji. Tikiti ɗaya Yuro 9.50 ne na minti 75, don haka na yini biyu ya fi muku. Kwale-kwalen gondola Yuro 90 ne na rabin awa da rana, mutum biyar yake ɗauka, daidai ku. Tun 2024 suna karɓar kuɗin shiga gari a wasu ranaku daga masu yini ɗaya. Mai kwana a cikin ƙaramar hukumar, har da Mestre, ba ya biya, amma ku tambayi masaukin yadda ake rajistar keɓewa.

Abban Yara, Kano:
Jama'a Allah Ya biya ku. Mun zauna da maiɗakina da Hajiya, ga sabon tsari, farkon Satumba kafin a koma makaranta. Alhamis mu sauka a Fiumicino, filin jirgin saman Rum, mu hau jirgin ƙasa Leonardo Express zuwa Termini, mu huta. Juma'a masallaci, da yamma ganuwar da Malam ya faɗa. Asabar ni da babban Pompei. Lahadi Batikan. Litinin Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, da safe, da yamma mu wuce Fulorans, kwana uku: Talata gari da gidan zane na Uffizi, Laraba Pisa. Alhamis Benis kwana biyu. Asabar Milan, Lahadi gida. Masauki huɗu ke nan.

Ɗalibin Bologna:
Ya yi kyau Yaya, amma ka musanya Lahadi da Litinin. Gidajen tarihin Batikan a rufe suke ranar Lahadi, sai ta ƙarshen wata. Kolosiyam Lahadi, Batikan Litinin da sassafe. Uffizi Talata daidai ne, Litinin suke rufewa. Dukkansu ka sayi tikiti a shafinsu na asali tun da wuri. Na Kolosiyam da suna yake fitowa, ana duba shi da fasfo, to ka rubuta sunaye yadda suke a fasfo. In Lahadin ta zama ta farkon wata shiga kyauta ne, amma layin yana da tsawo ƙwarai, ku isa kafin a buɗe. A Pisa kuma ba a barin yaro ƙasa da shekara 8 ya hau hasumiyar garin mai karkata, ka shirya wa ƙaramar zuciyarta tun yanzu.

Anti ta Padova:
Batikan da safe sannan jirgi da yamma ya yi wa Hajiya yawa a yini guda, tafiyar cikin gidan tarihin nan kilomitoci ce. A ƙofa suna ba da keken guragu kyauta, ku karɓa. Jirgin Fulorans kuma kada ya gaza ƙarfe 5, ku ci abinci ku yi salla a natse kafin ku ɗauki kaya.

Hajiyar Yamai:
Juma'a ta biyu a Benis za ta same ku. Cikin tsohon garin ba za ku samu masallacin Juma'a ba, a Mestre da Marghera ake yi. Wannan ma ƙarin dalili ne na kwana a Mestre.

Ɗan Zango a Brescia:
Saura abu ɗaya, yajin aiki, sciopero. Ana yinsa a harkar jirgin ƙasa, amma doka ta sa a sanar tun kwanaki kafin ranar, kuma ma'aikatar sufuri tana da shafin da take jera su. Ka duba mako biyu kafin ku taso, ka sake dubawa kuna Rum. In yajin ya faɗo a ranar aiki, jiragen Regionale suna tafiya daga 6 zuwa 9 na safe da 6 zuwa 9 na yamma, masu dogon zango kuma akwai jerin waɗanda aka lamunce. Shi ya sa kwanan Milan ɗin nan kada ka taɓa shi, ko wani ya ce ka ƙara wa Benis. Filin jirgin Malpensa yana da nisa, Malpensa Express daga Centrale kusan minti 50 ne ko fiye. Tikitin Benis zuwa Milan kuwa ka sayi Base ko Economy wanda ake iya canzawa, ka ɗauki na safe. In kun iso da azahar kun ajiye kaya, layin M3 daga Centrale tasha huɗu ne zuwa Duomo, babban cocin garin, kuma akwai lif mai kai mutum saman rufin, sai dai bayan lif ɗin akwai sauran matattakala, Hajiya ta tsaya a farfajiya. Ka turo mana ranakun idan biza ta fito, in duba muku jadawalin jiragen makon.